Ɗingishin Zell

Ozella Tibbs ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma Allah ya ba ta ido, kuma idon nan ne ya gano mata abin da lauyoyi biyu da fasto guda suka kasa ganowa cikin shekara goma sha ɗaya.

Ranar Lahadi ce bayan an taso coci, a shekarar 1973. Tana zaune a falon maƙwabciyarta Sista Vernice a unguwar Watts ta birnin Los Angeles, ƙafafunta cikin kwanon ruwan ɗumi da gishiri, don shekara saba'in da tsayuwar guga sun cinye mata su. Talabijin na kunne, ana bikin karrama makaɗan fim. Sai ga Wendell Harkless ya fito da furfurarsa da baƙar kwat, ya rusuna, ya ɗaga sanda, makaɗa suka ɗauki taken Dolan. Wa bai san taken Dolan ba? Ɗan sandan cikin nan na fim, mai malafa da sigari, da ya leƙo allo kiɗan zai tashi. Direban bas na fito da shi, mai aski na fito da shi. Ozella kuwa duk ranar da ta ji shi sai abinci ya fita ranta.

Mai ɗaukar hoto ya matso da na'urarsa kan hannun wani bature mai busa ƙaho, har ana ganin gashin bayan hannun. Yatsa na ɗaya na aiki, na biyu na aiki. Na uku kuwa yana miƙe a sama, ko motsi ba ya yi, kamar na matar attajiri mai shan shayi.

Ozella ta miƙe tsaye cikin kwanon, ruwa ya fantsama ko'ina.

"Ke Ozella, dardumata!"

"Dubi yatsansa, Vernice. Dubi yatsan mutumin nan."

"Ni dai ruwa nake gani a ɗakina."

"Bai taɓa na ukun ba. Tun daga farko har ƙarshe bai taɓa ba. Ya Yesu, yau na kama ɓarawo."

Ga yadda abin yake. Rufus ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta raine shi bayan uwarsu ta mutu a gonar auduga a Arkansas, ita ta kawo shi Kansas City yana ɗan shekara tara. Ya tashi ya zama mai busa ƙaho a wata ƙungiyar makaɗa goma sha biyu, lokacin da kiɗan suwing ke tashe, gidajen rawa na cika ba masaka tsinke. Gidan hayar Ozella da ke kusa da mayanka shi ne gidansu. Ita ke wanke fararen rigunansu ta sa sitaci ta goge, ita ke dafa musu wake da burodin masara da soyayyar tarwaɗa. Shekarunta talatin da 'yan kai ne kawai, amma duk Mama Zell suke ce mata.

Makaɗan nan ba sa kiɗa da takarda. Kiɗan ka suke yi: wani ya fito da 'yar gajeriyar busa, na kusa da shi ya amsa, mai ganga ya sa mata ƙafa, kafin a jima ta zama kiɗa, kowa ya riƙe nasa a kansa. Ba mai cewa nawa ne, don kowa ya san na wane ne. Mutum ɗaya ne cikinsu ya iya rubuta kiɗa, Wendell mai fiyano, ɗan malamar makaranta, shi ya sa suke kiransa Farfesa. Siriri ne, mai tsabta kamar kyanwa, da wani baƙin littafi a aljihu. Duk kiɗan da ya yi daɗi sai ya rubuta, wai don kada ya ɓace.

A shekarar 1938 ƙahon Rufus ya faɗo daga saman bas a hanyar Tulsa. Ƙaho irin nasu maɓalli uku gare shi, to na ukun ya lanƙwashe ya ƙame, ko da guduma ba ya dannuwa. Mai gyaran kirki yana Chicago, su kuwa kullum suna kan hanya, kuma mai busa ba ya rabuwa da ƙahonsa mako uku. Haka Rufus ya yi wata takwas yana busa da maɓalli biyu. Akwai sautukan da ba sa fitowa sam, sai ya koyi tsallake su, yatsansa na uku a miƙe a sama, abokansa na tsokanarsa: "Madam Tibbs, a ƙaro miki shayi?"

Cikin watannin nan ne Ozella ta taka ƙusa. Wata safiya tana ɗingisawa da kwandon wanki zuwa igiyar shanya a bayan gida, sai Rufus da ke zaune kan bokiti ya ɗauki ƙaho ya fara bin tafiyarta da busa. Taku, taku, taku, kiɗan na hawa kamar matakala, daidai inda kunne ke jiran taku na gaba sai ya tsallake ya dira can sama, kamar mai gudun taka ƙafar ciwo. Ta jefe shi da jiƙaƙƙiyar safa, ya kauce ya ci gaba. Maƙwabta suka leƙo ta shinge suna dariya. Kafin wata ya ƙare ana rawa da shi a jihohi uku, sunansa Ɗingishin Zell.

Wendell na zaune kan matakalar kicin a safiyar nan, kofin nono da burodin masararta a gefe, baƙin littafi a gwiwa.

"Farfesa, me kake zanawa?"

"Kiɗan Rufus, Mama Zell. Kin ga nan sama? Sunansa ke nan na sa."

Ta duba, ba ta ga komai ba sai tafiyar tsutsa. Ta ce to madalla, ta ƙara masa burodi.

Yaƙi ya zo, aka kwashe rabin makaɗan zuwa soja, man mota da taya suka zama sai da kati, bas ya tsaya, ƙungiya ta watse. Wendell ya hau jirgin ƙasa zuwa California a 1943 da akwati ɗaya da baƙin littafi. Rufus ya kama aiki a mayanka, sanyin ɗakin nama ya shiga ƙirjinsa, haƙoransa suka zube, mai busa kuwa in ba haƙori ya gama. Ya mutu a 1951 a kan gadon Ozella, aka binne shi a makabartar talakawa, lamba aka kafa masa, ba suna ba. Abin da ya bari duka tsohon ƙahon nan ne, wanda ya jefa ƙarƙashin gadonta tun ranar da ya samu sabo.

Ita ma ta tattara ta zo Los Angeles, ta shiga aikatau a gidajen attajirai na kan tudu. A ɗaya daga cikinsu ne, a 1962, tana gugar rigar maigida, rediyo ya sako Ɗingishin Zell da goge ashirin a bayansa. Mai gabatarwa ya ce taken sabon fim ne, wai Dolan, wanda Wendell Harkless ya ƙirƙira. Ba ta san ta ƙona rigar ba sai da uwargida ta yi ihu.

Tun ranar ba ta huta ba. Fasto ya rubuta mata wasiƙa uku, amsar da ta zo hoton Wendell ne da sa hannu. Lauya na farko ya ce ina takarda, na biyu ya ce ina faifai, alhali kiɗan ba a taɓa ɗaukarsa a faifai ba. Cikin makaɗa goma sha biyu, tara na kabari, ɗaya hankalinsa ya tafi, ɗaya ya ce shi ba zai sa hannu a jawo baƙar fatar da ya hau sama ya faɗo ba. Ta je gidan Wendell da ƙafarta, matarsa ta buɗe ƙofa ta ce sun riga sun ɗauki mai aiki. A ƙarshe faston ma ya gaji.

"Sista Tibbs, mutumin nan namu ne. Mu nawa ne a can saman? Kada mu zama masu jan ƙafarsa."

"Shi Rufus na wa ne, Rabaran? Na karnuka?"

Ba gidansa take so ba, ba motarsa ba. Suna take so a faɗa, da baki, gaban mutane, ko sau ɗaya ne. To ga shi yanzu talabijin ya nuna mata yatsa, ya kuma faɗa mata ranar Talata Wendell zai shiga ɗaukar kiɗan fim ɗin Dolan na uku.

Talata da safe ta fito da farar rigar aikatau da ta ajiye shekara biyu, ta goge ta, ta sa, ta ɗauki akwatin ƙaho, ta hau bas uku. A ƙofar kamfanin fim mai gadi ya leƙo daga ɗakinsa.

"Ina zuwa, mama?"

"Maigidana ya manta ƙahonsa, yallaɓai. Ya ce in ban kai masa kafin goma ba in nemi wani gida."

Ko fuskarta bai duba ba, ya nuna mata wani gini da haɓarsa. Tunda take ba wanda ya taɓa tambayar farar rigar nan wace ce a cikinta.

Jar fitila na kunne a saman ƙofar, alamar ana ɗaukar kiɗa, ta tsaya a gefe har ta mutu. Dokar ƙungiyar makaɗa ce, kowace awa sai an ba su hutun minti goma, ko duniya za ta tashi. Wasu suka fito shan sigari, ita ta kutsa. Ɗaki ne kamar rumbun auduga, ba taga ko ɗaya, kujeru sittin, waya ko'ina a ƙasa, ƙaton allon majigi a bango, Dolan ya daskare a kai da malafarsa. Can gefe ɗakin gilashi ne, wasu turawa na zaune ciki suna duban agogo. Ta ƙirga baƙaƙen fuska, uku ta samu.

Hannun ta nema, ba fuska ba. Ta same shi a layin baya riƙe da tuffa, mai shi wani gajeren bature ne mai sanƙo, Marty Kowalik, shugaban masu busa.

"Kai ne na talabijin."

"In matata ce ta aiko ki, madam, ki ce ba ki gan ni ba."

Ta ɗora akwatin kan cinyarsa ta buɗe. Tagullar ta yi baƙi, ga lotsawa a gefe. Ya ɗaga ƙahon da yatsu biyu kamar mataccen ɓera.

"Wannan daga wane yaƙi ya dawo?" Ya danna na ɗaya, ya danna na biyu, ya danna na uku ya ƙi. "Gurgu ne ma."

"Na sani. Busa min taken Dolan da shi."

"Madam, ƙahon da ba shi da maɓalli na uku ko kare ba zai kira ba."

"Busa dai, Marty," in ji na kusa da shi, "ƙila ya fi naka daɗi."

Aka yi dariya. Kowalik ya ɗaga kafaɗa, ya ɗiga mai a maɓallai biyun, ya sa bakin busa nasa, ya hura ƙurar shekara talatin da biyar ta fita. Sannan ya fara, yana murmushi, yana jiran inda zai maƙale su ƙara dariya.

Muryar ta fito a dishe, amma ta fito. Taku, taku, taku, sai tsalle. Ozella ta kama bayan kujera. Ga igiyar shanya, ga bokiti, ga warin mayanka da iska ke kawowa. Kowalik ya wuce tsallen farko, ya wuce na biyu, murmushin ya bar fuskarsa, ya kai ƙarshe bai rasa sauti ko ɗaya ba. Ya sauke ƙahon ya tsura wa yatsansa ido.

"Shekara goma sha ɗaya ina busa abin nan," ya ce a hankali. "Hutun yatsa muke ce masa. Na ɗauka Mista Harkless tausayinmu ya ji." Ya juya wurin abokansa. "Mai fiyano ba ya rubuta haka. Yatsu goma gare shi, duk sautukan duniya na shimfiɗe a gabansa, me zai sa ya tsallake wannan? Wanda ba shi da yadda zai yi ne ya yi kiɗan nan. A kan ƙahon nan aka haife shi."

"Ƙanena ne," in ji Ozella, da ƙarfi yadda har masu goge na gaba suka waiwayo. "A bayan gidana, ina shanya."

Mutane suka dare, sai ga Wendell da kofin kofi a hannu, hannun riga a naɗe. Ya dubi ƙahon kafin ya dube ta, kuma ta ga ya gane ƙahon tun kafin ya gane ta.

"Mama Zell."

"Ashe bakinka bai manta ba. Cikinka fa, Farfesa? Shekara shida yana cin wakena, shi ma ya tuna?"

"Ki zo mu yi magana."

"Shekara goma sha ɗaya ina zuwa. Matarka ta ce kun ɗauki mai aiki."

Ya kama gwiwar hannunta ya ja ta bayan manyan ganguna, inda ba a ji. Da ya matso ta ga tsufan da talabijin ke ɓoyewa, idanu sun yi ja.

"Na Rufus ne," ya ce. "Kin ji na faɗa. Na Rufus ne, ban taɓa mantawa ba."

"Ba ni za ka faɗa wa ba. Ni na sani. Ni ce mai ɗingishin."

"Ki saurare ni, Zell. Kin san yadda na shigo wurin nan? Ta ƙofar masu shara. Ni ne nake buga fiyano a bayan labule, bature na kaɗa yatsu a allo, 'yan mata na suma. Shekara goma sha takwas ina rubuta kiɗa wani na sa sunansa. Fim arba'in da wani abu, Zell, ki je ki duba, ba sunana ko a ɗaya. Mutum ya karɓi lambar yabo kan kiɗan da na rubuta a teburin kicin ɗina, ya aiko min da kwalbar giya."

"Kura da shan bugu. To da ka sha bugun sai ka ce bari ka zama gardi?"

"Wanda aka ba aikin kiɗan Dolan ya kwanta asibiti, suka ce kwana shida, in ka iya sunanka zai hau allo. Kwana shida! Na zauna kwana uku kaina ba komai, sun tatse ni tas. Na buɗe littafin, na ce Rufus ya mutu, ba wanda zai cutu."

"A littafin, sunan da ka nuna min a sama, nasa ne?"

Ya kawar da kai.

"Farfesa, tambayarka nake yi."

"Kwanan wata ne."

Ozella ta ji kamar an sake binne Rufus a gabanta.

"To ga mutane sittin can. Ka hau akwatinka ka ce kiɗan nan Rufus Tibbs ne ya yi shi. Shi ke nan, in ɗau ƙahona in tafi, ba za ka ƙara ganina ba."

"Ba kya ganewa. Na rantse a takarda cewa nawa ne ni kaɗai. Kiɗan ma yanzu ba nawa ba ne, na kamfani ne. Kin ga na cikin gilashin can? Shekara goma sha ɗaya suna jiran ranar da za su ce, ai mun faɗa muku, waɗannan mutanen sai sata. In na faɗi ba ni kaɗai zan faɗi ba, ƙofar za su rufe, yaran da ke biye da ni su tsaya a waje wata shekara ashirin."

"Kai da fasto malaminku ɗaya. Kullum ƙofa, kullum yara. Ƙanena lamba ce a kansa, Wendell, lamba, kamar saniyar mayanka. Satar kakaki ba wuya, wurin busawa ne aiki, kai kuwa ka samu duniya duka ka busa. Suna kawai na ce."

Ƙararrawa ta yi ƙara, minti goma sun cika. Makaɗa suka fara komawa kujerunsu, kowa na satar kallon bayan ganguna. Wendell ya ajiye kofin, ya warware hannun rigarsa, ya ɓalla maɓallansa ɗaya bayan ɗaya. Ya wuce ta ya hau akwatin da yake tsayawa. Bai ɗauki sanda ba. Ya tsaya yana duban takardun gabansa, ya daɗe, har Ozella ta ce a ranta, zai faɗa, ɗan malamar makarantar nan zai faɗa.

Fensir ya ɗauka.

"Jama'a, gyara kaɗan kafin mu ci gaba. Gaɓa ta tara da ta ashirin da biyar, inda ake tsalle. Ku cike gurbin." Ya faɗi sunan sautin. "Masu busa da masu goge duka."

Fensir sittin suka sunkuya kan takarda. Kowalik ne kawai bai motsa ba.

"Mista Harkless, ai in aka cike nan..."

"Akwai tambaya ne, Mista Kowalik?"

Kowalik ya dubi ɗakin gilashi, ya dubi tsohon ƙahon da ke kan cinyarsa. 'Ya'ya uku gare shi a makaranta, kuma a garin nan mai busa da ba a kira shi ranar Laraba ba, ba za a kira shi ranar Alhamis ba.

"Babu."

Aka kashe fitilu, jar ta kunnu, kowa ya sa abin ji a kunne, Dolan ya fara tafiya a allo. Wendell ya sauke sanda. Taku, taku, taku, taku. Yatsan Kowalik na uku ya sauka kan maɓalli. Kiɗan ya hau matakalarsa sumul, ba tsalle, ba ciwo, kamar kowane kiɗa da ake sakawa a shagon sayar da katifa. Ozella ta tsaya cikin duhu tana ji ana warkar da ƙafarta ba da izininta ba.

Da aka gama, muryar furodusa ta fito daga ɗakin gilashi ta lasifika.

"Wendell, me ka yi masa ne? Ya fi santsi. Ya yi zamani. A bar shi haka."

"Na gode, yallaɓai," in ji Wendell, bai waiwayo ba.

Kowalik ya mayar da ƙahon akwati ya kawo mata, fuskarsa ja kamar an mare shi. Ya riƙo takardar kiɗansa da fensir.

"Madam, me kika ce sunansa?"

"Rufus Tibbs."

Ya rubuta a saman takardar ya nuna mata. "Ga shi. Takardun nan ana ajiye su a ma'ajiya, ko shekara ɗari za a same shi."

Ta duba. Tafiyar tsutsa.

"Wani ma ya taɓa nuna min sunansa a takarda. In kai namiji ne faɗa da baki."

Ya waiga hagu, ya waiga dama. Leɓunansa sun motsa, ta gani, amma daidai lokacin masu goge suka fara daidaita tsirkiya, ko ita da ke gabansa ba ta ji ba. Mai gadi ya iso ya kama hannunta, wannan karon ya duba fuskarta da kyau, don kada ya manta.

Fim ɗin ya fito a lokacin kaka. Rediyo ya ɗauki sabon taken, safe da rana, talabijin ya ɗauka, aka buga faifai, aka daina sa tsohon. Da farko tsofaffi a shagon aski na nan suna fito da tsallensu, don bakin tsoho ba ya sauya hanya da wuri. Kafin Kirsimeti ya zagayo na biyu su ma sun miƙe.

Sista Vernice ta ce mata, "Da kin bar wa Allah."

"Da na bar wa Allah ai ɗingishin na nan. Sunansa ne babu, amma shi yana yawo a bakin kowa. Ni na ɗauki ƙaho da hannuna na kai wa ɓarawo na nuna masa inda ya bar sawu."

"To yanzu fa?"

"Yanzu ki rage ƙarar talabijin ɗin nan kafin in jefa shi ta taga."

Ba ta daina ba, don Ozella ba ta san yadda ake dainawa ba. Wata Asabar tana tashar bas da jakar cefane, wani magidanci da kayan gyaran famfo ya tsaya kusa da ita yana fito da taken Dolan, sumul. Ta taɓa shi da sandarta.

"Ɗana, ba haka yake ba."

"Na'am, mama?"

"A nan tsalle ake yi. Ji." Haƙoran fito sun daɗe da tafiya, sai ta rera da hanci, muryar na rawa, taku, taku, taku, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta dira, har lemo ya faɗo daga jakar ya gangara kwata. "Haka Rufus Tibbs ya yi shi. Ƙanena. A Kansas City."

Mutumin ya sunkuya ya ɗauko mata lemon, ya goge a rigarsa, ya saka mata a jaka. Mai ladabi ne, an ba shi tarbiyya.

"Kin tsallake guda ɗaya, mama," ya ce. "Ba ki ga fim ɗin ba ne?"